Ranar da Mijinyawa Ya Kira Ruwa

Ni tela ne, rumfata tana kasuwar Bodinga, kuma ba halina ba ne shiga sharo ba shanu. Amma in mutum ɗan ƙanin ubanka ne, katanga ɗaya ta raba gidajenku, to shirmensa naka ne ko ka so ko ka ƙi. Haka Allah ya jarabce ni da Mijinyawa.

Allah ya ba Mijinyawa baki, ya hana shi linzami. Shi ne ya taɓa gyara lasifikar masallacin ƙauyenmu, Tungar Gawo, aka yi wata guda ladan yana hawa katanga yana kiran salla da maƙogwaronsa. Shi ne ya yi wa kajin unguwa allurar rigakafi, aka kwana uku ana cin nama ba don ana so ba. Duk da haka, in ka ji shi a majalisa sai ka rantse gwamna ba ya karya kumallo sai ya tuntuɓe shi.

To, ƙarshen damina wata ƙungiya ta aiko a ba ta manomi ɗaya ya je bitar kwana uku a Sakkwato kan sanin ƙasar noma. Lokacin girbin gero ne, kowa hannunsa cike. Mai gari ya duba wanda in ya tafi ba za a yi asarar komai ba, ya tura Mijinyawa.

Ya dawo da hular hana-salla, da jaka, da takardar shaida. Ya sa ni na ɗinka masa 'yar shara mai aljihu takwas. Ya je wurin maƙeri aka ƙera masa rodi wanda ya fi shi tsawo, mai tsini da 'yar ƙugiya a baki don ciro ƙasa, ya raɗa masa suna Na'ura. Daga ranar ba gonar da ta tsira. Ka fito da safe sai ka tarar da shi a bayan gidanka yana caka, yana ɗanɗana ƙasa a harshe, yana girgiza kai kamar likitan da ya ga mai jinya ba zai tashi ba.

Daga duk abin da aka faɗa a kwana ukun nan, magana biyu ya riƙe, don sauran lokacin barci ya yi a ƙarƙashin fanka. Ta farko, ƙasa ta gari ita ce mai zurfi, wadda saiwa za ta yi ta tafiya ba ta ci karo da dutse ba. Ta biyu, ƙasa ta gari tana shanye ruwa, ba ta barinsa ya kwanta. Duka biyun gaskiya ne, ko akuya ta san haka. Ginin da ya ɗora a kansu shi ne masifar.

Wata la'asar muna zaune gindin gawo, ya soke Na'ura a ƙasa, ya nuna gabas, wajen jigawar Haliru da ke bakin hurumin kiwo.

"Jama'a, in tambaye ku. Jigawar can, tun kaka da kakanni take shan ruwan sama. Akwai wanda ya taɓa ganin ta yi fitsari?"

Aka yi dariya, aka ce babu.

"To ina ruwan ya tafi? Shina ciki. Ruwan shekara ɗari shina kwance nan ƙasa, ku kuna sama kuna kukan ƙishirwa."

Ya ce tafki zai gina a wurin. Da rani makiyaya su shayar da shanu, ya zuba kifi, ya kewaye da ayaba, har daga Dandin Mahe a riƙa zuwa kallo.

Baba Malami yana wurin, tsohon maginin rijiya, wanda rabin rijiyoyin da ke tsakanin Sifawa da Shagari hannunsa ne. Ya yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa mai zazzaɓi. Ya ce jigawar nan ƙasa ce ta kirki, ba mai musu. Tana da zurfi, tana da laushi, ba tsakuwa ba marmara. Gero da wake da gyaɗa suna sonta, gamba da sabara suna zura saiwa su bi laima har ƙasa, shi ya sa ciyawar wurin ke kai makonni da ɗanyenta bayan ta kan faƙo ta ƙone. Amma laima daban, ruwa daban. Ya ce ƙasar nan rariya ce, ba randa ba, abin da ta sha wucewa yake yi, kuma shi da hannunsa ya gina rijiya kusa da wurin, sai da ya ci gaba ashirin kafin ya jiƙa ƙafa.

Mijinyawa ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Baba, kai ilimin diga gare ka. Ni kau da satifiket."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba ranar, shi ne Haliru mai jigawar. Haliru dillalin albasa ne, irin mutanen da in sun gaishe ka sai ka ƙirga yatsunka. Shekara da shekaru idonsa yana kan fadamar gidan su Mijinyawa, 'yar baƙar laka ce a bakin rafi, ba ta da girma, amma albasarta kamar kan jariri. Uban Mijinyawa ya bar ta, kuma tun rasuwarsa Inna Mairo, uwar Mijinyawa, ita ke riƙe da ita. Ita ke yafa iri, ita ke tsaye kan dashe, daga nan gidan ke ci, daga nan ake suturar salla. Haliru ya taɓa aika mata sau uku a sayar masa, sau uku tana mayar da ɗan aike da maganar da ba ta maimaituwa.

Ranar nan bai aika kowa ba. Ya matso kusa da Mijinyawa, ya kira shi Injiniya, ya tambaye shi ra'ayinsa kan ƙasar fadama a ilmance. Mijinyawa ya ce laka ƙasa ce mai kumburin ciki, ruwa ya kwanta mata ta kasa haɗiyewa, a wurin bita ma ba a sa ta cikin lissafin ƙasashen kirki ba. Kafin magariba sun yi musaya da baki, jigawa mai faɗin fadama biyar ta koma wa Mijinyawa, fadama ta koma wa Haliru. Mijinyawa ya dawo gida yana tausayin Haliru, wai ya cuce shi.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki mayafinta ta tafi wurin mai gari. Ɗan kuka dai shi ke ja wa uwarsa jifa. Mai gari ya tara su, ya ji kowa. Mijinyawa magaji ne, an yi magana gaban shaidu, ba ya iya cewa ba a yi ba. Amma tsohuwar ma tana da haƙƙi, kuma ya san wanda ya tura bita. Sai ya yanke cewa tun da don tafki aka yi musayar, tafki ne zai tabbatar da ita. Ya ba da Juma'a huɗu, kafin lokacin dashen albasa. Asabar ɗin da ta biyo, in ruwa ya tsaya a ramin tun daga hantsi har ladan ya kira azahar, musaya ta zauna. In bai tsaya ba, kowa ya koma gonar ubansa.

Nan garin ya juye. Uwa tana roƙon Allah ɗanta ya faɗi, wanda ke shirin cinye shi kuma yana yi masa addu'ar nasara har da ɗaga hannu.

Haliru ne ya kira gayya. Shi ya dama fura, shi ya kawo makaɗi. Matasa suka yi kwana biyu suna haƙa, Mijinyawa yana sama da hana-salla yana ba da umarni. Gaskiyar Baba Malami ta fito tun kamu na farko: sama ƙasa ce mai ɗan duhu, ƙasa da ita ja ce mai laushi, ana yankarta kamar tuwo, ko tsakuwa ɗaya diga ba ta taɓa ba. Ramin ya shanye tsayin mutum, saiwar sabara tana nan tana ci gaba da tafiyarta ƙasa, ba ta ko waiwayo ba. Ruwa kuwa ko na wanke ido.

Mijinyawa ya sauka da kansa, ya damƙi ƙasa, ya ji ta da sanyi, ya ce ga laima, saura ƙiris. Baba Malami ya leƙo ya ce a kwantar da bangon ramin, ƙasar nan ba ta tsayuwa a miƙe. Mijinyawa ya ce a wurin bita an nuna masu hoton rami a miƙe. Ya buga bangon da tafin hannu don ya nuna ƙarfinsa, bangon ya amsa. Sai da muka tono shi kamar rogo, ƙasa har wuya, bakin nan dai yana waje yana cewa gwaji yake yi.

Da haƙa ta ƙi, sai ya zo da sabon ilimi. Duk wanda ya taɓa noman albasa ya san injin ban ruwa ba ya ja sai ka fara ɗura masa ruwa a baki. Mijinyawa ya ce ƙasa ma haka take, ruwa ke kiran ruwa, wanda ke ƙasa yana jin kunya ne, sai ya ji ɗan'uwansa a sama zai fito.

Ya fara da randunan gidansa. Matarsa Hasiya ta fito za ta ɗora sanwa ta tarar da su a kife. Ina jinsu ta kan katanga. Ya ce mata ta yi haƙuri, nan da mako guda da kifi za ta riƙa wanke kwano. Ta ce to ya tafi tafkin ya ci tuwo can, don yau ko kunu babu. Ya ce mata ba ta da hangen nesa. Ta ce nesa kam tana hange, har gidan ubanta a Sifawa take hangowa.

Washegari ya kwashe ruwan duron masallaci. Mutane suka zo la'asar, aka buɗe famfo, iska ta fito. Liman ya ce a yi taimama. Mijinyawa bai ji kunya ba, ya miƙe a cikin sahu ya ce in ƙasar taimama ake so mai tsabta, tasa ta fi ta kowa, a zo a ɗiba kyauta. Liman mutum ne mai haƙuri, amma ranar na ga leɓensa yana rawa.

Haliru ya ɗauko Keke Napep, aka yi ta jigilar jarkoki daga rafi. Na je na gani da idona. Ka tuntsura jarka, ruwan ya yi ɗan kumfa, ya yi tsuu, kafin ka ajiye jarkar wurin ya koma kamar an yi yayyafi jiya. Mijinyawa ya kwanta ya kafa kunne a ƙasa, ya ɗaga hannu a yi shiru, ya ce tana amsawa. Wani ya ce gyatsa ce take yi.

Mako na uku ya ce matsalar ramin ba shi da shafe. Aka kwaso laka, aka kwaɓa da kashin shanu, aka shafe ramin kamar ɗakin amarya, aka zuba ruwa. Ruwan ya tsaya rabin yini, Mijinyawa ya aika a gaya wa mai gari. Kafin ɗan aike ya dawo rana ta tsattsaga shafen, ruwa ya bi tsagar ya tafi wurin 'yan'uwansa. Abin da ya rage shi ne ƙanshin danshi, shi kuwa ya isa ya kira shanun da ke kiwo a hurumi. Wani bajimi ya zo leƙe, bakin ramin ya zube da shi. Mijinyawa yana ciki lokacin, yana duba tsaga.

Ban san mutum na iya hawa bangon rairayi da gudu ba sai ranar. Aljihu uku daga cikin takwas suka tafi a ƙahon sa. Mai shanun, wani dattijon Bafillace, ya kai yamma yana fitar da dabbarsa da igiya, da ya gama ya tambayi wane ne ya ce a yi tafki a nan. Aka nuna masa Injiniya. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce shi shekara talatin yana kwantar da shanu a kan jigawar nan da damina, saboda ko an kwana ana ruwa da safe wurin a bushe yake, kofato ba ya ruɓewa. Ya ce ko saniya ta san wannan, amma ita ba ta je bita ba.

Saura kwana biyar, Mijinyawa yana nan da ƙibarsa, yana cewa ruwa na hanya. Haliru ne ya rame.

Ranar Talata ina kan keke a rumfata, sai ga Haliru a rumfar maƙwabcina mai sayar da tamfol. Bai gan ni ba, labule ya tare ni. Ya zaɓi mafi girma, shuɗi, mai kauri, ya ce na rufe albasa ne. Sannan ya rage murya ya tambaya ko yana riƙe ruwa. Mai rufe albasa ruwa yake so ya zame, ba ya tsaya ba. Nan na gane abin da yake shiryawa.

Ranar Alhamis Haliru ya ce wa Mijinyawa tafki ba kifi ai abin kunya ne, ya sa shi a mota zuwa Shagari ya sayo tarwaɗa masu rai wurin masunta. Yana juya baya Haliru ya shiga ramin da mutanensa biyu, suka shimfiɗa tamfol, suka binne bakinsa, suka bi shi da rairayi kamu guda, tankar ruwa ta zo ta juye. Da la'asar Mijinyawa ya dawo da kifi a duro ya tarar da ruwa har ƙugu, yana ƙyalli. Ya faɗi ya yi sujada. Ya tashi ya ce dama ya faɗa, na ƙasa ya ji kira. Haliru ya ce wallahi shi ma yana tsaye ya ga yana ɓuɓɓugowa.

Juma'a da safe ruwa yana nan. Na tafi wurin Inna raina a ɓace. Na same ta tana sheƙe ragowar irin albasa a faifai, irin da ta tara da hannunta, wanda ta yafa kuwa ya isa dashe, in gobe ta ɓaci ba ta da inda za ta kai shi. Na gaya mata duk abin da na gani, na ce mu tafi wurin mai gari yanzu.

Ta ce mai gari cewa ya yi ruwa ya tsaya, bai ce a kan mene ne zai tsaya ba, kuma Haliru ya fi mu baki a gaban shari'a. Na ce to a gaya wa Mijinyawa. Ta dube ni kamar ni ne na je bitar. Ta ce wanda bango ya faɗa masa bai ji ba, sa ya kore shi bai ji ba, maganar tela zai ji?

Ta ci gaba da sheƙe irinta. Can ta ce, "Ƙarfen nan nashi, shina zaure. Kai wa maƙeri shi wasa mani bakinshi. Shi wasa ƙwarai."

Asabar tun da sassafe jigawa ta cika. Mutanen Sifawa sun zo, na Dandin Mahe sun cika mota biyu, masu rake da masu ƙosai sun kafa kasuwa. Aka ajiye wa mai gari kujera da laima. Mijinyawa ya fito da babbar riga a kan 'yar sharar da na yi wa faci, ya saki tarwaɗa a ruwa, aka yi tafi. Mai gari ya duba rana ya ce hantsi ya yi, a fara lissafi.

Mijinyawa ya fara jawabi. Ya gode wa ilimi, ya gode wa kansa, ya yafe wa jahilai. Ya ce baɗi zai kira ruwa a Bodinga, in gwamnati ta roƙe shi ya kira a Sakkwato. Rana tana hawa, ruwa bai ragu da ko yatsa ɗaya ba. Baba Malami ya tsuguna a bakin ramin ya cire hula yana sosa kai, don abin da ya sani shekara arba'in yana ƙaryata shi a gaban jama'a. Haliru yana raba goro. Ni kuwa ina duban inuwa tana guntulewa, ina tuna fadamar nan da na ci albasarta tun ina yaro.

Rana ta kusa tsaka sai ga Inna, tana tafe a hankali, tana dogara Na'ura kamar sanda. Aka buɗe mata hanya.

Sai na faɗi wani abu a nan. Mijinyawa ɗan fari ne, kuma Inna mutuniyar da ce, mai alkunya. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta yabe shi. "Kai wanga" take ce masa, in ta ji daɗi ta ce "wancan". Duk garin an san haka.

Ta durƙusa ta gaida mai gari, ta ce, "Ranka shi daɗe, magana ta kawo ni. Mata na faɗi bakin rijiya, wai ba ilimi ba na. Wai dutse na kwance ƙasan ramin ga, shi ya tare ruwan, wai ƙasar ba ta kai kamu biyu ba. Ni kau na ce ɗana ba shi ƙarya." Ta juya ta miƙa masa rodin. "Mijinyawa, nuna masu zurfin ƙasarka."

Na ga idon Mijinyawa ya kawo ruwa, wallahi na gani, ni kuwa na san abin da ke bakin rodin nan. Ya karɓa da hannu biyu.

Haliru ya watsar da goro ya riƙo masa riga, ya ce Injiniya a bari sai an yi azahar, kifi ba sa son a dame su.

"Sake ni, Haliru. Uwata ta kira sunana."

Ya tuɓe babbar riga ya faɗa ruwa. Ya ɗaga Na'ura sama ya caka da ƙarfinsa duka, ta shige har mariƙi. Ya waiwayo ya tambaya ko an ji ƙarar dutse. Jama'a suka ce ba su ji ba. Ya zare, ya matsa, ya sake cakawa. Inna ta ce matan sun ce dutsen ta wajen yamma yake. Ya tafi yamma ya caka sau biyar.

Baba Malami ne ya fara lura da 'yan kumfa suna tasowa duk inda rodin ya fita. Ya dubi kumfar, ya dubi Haliru, ya mayar da hularsa a kai, ya gyara zama. Ya ce shi dai a saninsa dutse kan ɓuya a kusurwa. Mijinyawa ya ce yau zai kunyata tsoho, ya bi kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan kowa ya samu baki, wannan ya ce nan fa, wancan ya ce can fa, shi kuwa yana bi yana caka kamar mai shukar gero.

A wata cakar ƙugiyar ta kama wani abu. Ya ja, ya ƙi, ya tattaro ƙarfi ya fizga, muka ji ɓarrr a ƙarƙashin ruwa. Rodin ya fito da wani shuɗin tsumma mai tsawon zani. Mijinyawa ya ɗaga shi, ya juya shi, ya ɗanɗana gefensa. Ya ce jama'a su matso su ga abin da ba a gani sai a ƙasashen waje, wannan ita ce shuɗiyar ƙasa, an yi masu bayaninta a rana ta uku.

"Tamfol ɗina ne, ɗan banza! Sabo fil!"

Haliru ne, bakinsa ya riga hankalinsa. Kafin ya gane abin da ya faɗa ya riga ya faɗa ramin da rigarsa. Ya taka wata huda da ƙafar dama, wata da ta hagu, ya cusa hularsa a ta uku, ya zauna a kan yagar. Amma jigawa ta kwana biyu tana jin ƙanshin ruwa an toshe mata baki. Ruwan ya sauka daga ƙugu zuwa gwiwa muna kallo, yana juyawa yana zuƙewa ta ko'ina.

Haliru ya hango ladan a cikin taro, ya yi ta roƙonsa ya kira salla, ya ce ai azahar ta yi tun ɗazu. Ladan, wanda bai manta da watan da ya yi yana hawa katanga ba, kuma bai manta da duron masallaci ba, ya fito fili a natse, ya tsaya, ya auna inuwarsa da ƙafa. Ya ce da saura. Ya ce shi ba ya wasa da lokacin salla.

Daga gwiwa ruwa ya koma idon sawu. Wata tarwaɗa ta rasa wurin zuwa ta shige wandon Haliru, ta kafa masa ƙaya inda ba a faɗi, ya tashi daga kan yagar ba shiri, sauran ruwan ya bi ta nan. Shirwa biyu suka fara shawagi. Mata suka sauka da kwanoni. Lokacin da ladan ya sa yatsa a kunne ya ce Allahu Akbar, abin da ke cikin tafkin Mijinyawa shi ne yagaggen tamfol, da dillalin albasa yana tsalle da ƙafa ɗaya, da Injiniya a tsaye riƙe da Na'ura, ƙasa tana bushewa a ƙarƙashinsa.

Mai gari ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna motsi. Da ya samu kansa ya ce ruwa bai kai azahar ba, kowa ya koma gonar ubansa. Ya ce tun da ramin a gonar Haliru yake, kuma yana bakin hanyar shanu, Haliru ya cike shi kafin Juma'a. Baba Malami ya leƙa ya ce masa, dama an ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, shi kuwa ya je ya gina a ƙasa mai zurfi.

Mijinyawa ya fito daga ramin, mutanen Dandin Mahe suna riƙe ciki suna neman motarsu. Bai kula su ba. Ya nufi Inna, da laka har gira, da tarwaɗa ɗaya a cikin hana-salla. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Inna, kin dai gani. Babu dutse."

"Na gani."

"Kuma in an duba, ni na ceci fadamar nan."

Na buɗe baki zan zage shi, Inna ta ɗaga mani hannu. Ta karɓi rodin daga hannunsa, ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta daɗe tana dubansa.

"Kai ne," ta ce. "Shekara arba'in ina ciyar da bakin ga naka, sai yau ya yi mani aiki. Wuce mu tafi, kai wanga. Gobe akwai dashe."

Washegari tun da safe na bi ta fadama zan tafi kasuwa. Yana duƙe cikin laka har gwiwa, cikin ƙasar nan mai kumburin ciki, yana dasa albasa layi-layi, yana yi wa kwaɗi bayanin yadda ya shirya abin tun farko. Inna tana zaune a kan kunya da Na'ura a gefenta. Duk sanda layinsa ya karkace, sai ta miƙa rodin ta taɓa shi da tsinin.